CIWON DA BA A ZUWA DUBIYA

 

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, in rubuta ko in bari, domin sirrin gidana ne. Sai da na nemi izinin mai abin tukuna, ta ce da ni, "Yaya, ki rubuta, wataƙila wata ta amfana, amma don Allah kada ki kama sunana." Saboda haka ba za ku ji sunan kowa a nan ba.

Mu nan Tudun Wadan Zariya, in aka ce wance tana kwance da zazzaɓi ko ta yi karaya, kafin la'asar ɗakinta ya cika da 'yan dubiya, wannan da kwanon kunu, waccan da lemo, wata ko ba ta da komai za ta zo ta ce sannu. Amma akwai ciwo guda wanda ba a zuwa masa dubiya, sai dai a zo leƙe. Mai shi ma ba a ce mata marar lafiya, sai a rage murya a ce, "Ai ta taɓu." Wannan ciwo ya taɓa shigowa gidanmu, kuma saura ƙiris ya tafi da rai biyu da aurena.

Shekarata 14 a ɗakin Malam ya yi mini amarya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kishi, don an ce kishi kumallon mata. Amma yarinyar mai ladabi ce, shekarunta 19, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, ko tsintsiya za ta ɗauka sai ta ce, "Yaya, in ɗauka?" A hankali muka saba. Shekara na zagayowa, cikin 2018, Allah ya sauke ta lafiya, ta haifi ɗa namiji. Ni kuwa 'ya'yana huɗu duk mata ne. Ku riƙe wannan, za ku ga inda zai ɓullo.

Da yake mahaifiyarta ta rasu, ba ta je wankan gida ba, gwaggonta ce ta zo daga ƙauye ta zauna da ita. Duk abin da ake yi wa mai jego an yi mata. Safe da yamma ana dafa ruwa da ganye, ga kunun kanwa, ga farfesun ƙauri, ga gasasshen nama da yaji. Mu Hausawa mun iya kula da jikin mai jego, har mukan wuce gona da iri, don tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya suka gano cewa yawan kanwa da tsananin zafin wanka suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Abin da ba mu iya ba shi ne tambayar mai jego, "Yaya zuciyarki? Kina samun barci?"

Tun kwana huɗu da haihuwa na lura ba ta barci. Duk sa'ar da na farka sai in ga fitilarta a kunne. Ranar suna ta yi ta surutu da dariya, mutane suka ce murna ce. Bayan suna da kwana biyu sai magana ta canza. Ta ce akwai masu son musanya mata yaro. Ta ce ana kiran sunanta ta bayan katanga. Ta daina karɓar abinci daga hannun kowa, musamman nawa. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da ni, sai ga ta tana nuna ni da yatsa tana faɗin maganganun da ba zan iya maimaitawa ba.

Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati, ta ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Jifa ne, kuma mai jifan ba daga nesa yake ba." Ba ta kama suna ba, amma kowa ya san inda ta dosa. Uwargida mai 'ya'ya mata, amarya ta haifi namiji, me ya rage? Hajiya, mahaifiyar Malam, ta daina cin tuwona. Maƙwabciyar da muke aron turmi ta hana 'ya'yanta shigowa gidanmu. Malam bai ce mini komai ba, amma shirunsa ya fi zagi ciwo.

Mako uku cur aka yi ana fama. An sha rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi har bangon ɗakin ya yi baƙi. Aka kawo wani mai magani ya ce mutanen ɓoye ne, suna son baƙar akuya da farin zakara, aka saya. Wani ya zo ya ce na farkon bai iya ba, shi ma ya karɓi nasa. Da abin ya ƙi, aka ɗaure mata ƙafa da zani a jikin gado, aka rufe ƙofa, duk wanda ya zo barka sai a ce ta tafi ƙauye. Har wani ɗan uwan Malam ya kawo shawarar a kai ta gidan mari, wai a can ne ake ladabtar da aljani.

A nan zan faɗi nawa laifin, don in na ɓoye shi rubutun bai da amfani. Zuciyata ta ba ni cewa asibiti ya kamata a je, amma na ja bakina na yi shiru. Na ce a raina duk abin da na faɗa za a juya mini shi, za a ce ina so a kai ta a yi mata allurar mahaukata ta ƙarasa lalacewa. Wannan dalili gaskiya ne. Sai dai akwai wani dalilin a can ƙarƙashinsa wanda na fi jin kunyarsa: wani lungu na zuciyata bai ƙi abin da ke faruwa ba. Tunda sun ce ni ce, to su je su gani. Allah ya yafe mini.

Wani dare, wajen ƙarfe 3, na ji motsi a tsakar gida. Na fito sai na gan ta tsaye a bakin rijiya, ta kwance zanin da aka ɗaure ta, ga jariri a hannunta, murfin rijiya kuma a ture gefe. Wallahi har yau in na tuna sai gwiwata ta yi sanyi. Ban yi ihu ba, Allah ne ya riƙe bakina. Na matsa a hankali na ce, "Amarya, sanyi ake yi, kawo shi in goya miki." Ta dube ni ta ce, "Yaya, sun ce in ɓoye shi a inda ba za su gan shi ba." Na ce, "To kawo, ni na san wurin da ya fi nan." Sai ta miƙo mini shi. Na goya shi, na kama hannunta muka koma ɗaki, na zauna a bakin ƙofa har aka kira assalatu. A daren nan kishi ya fita daga raina, tsoron Allah ya shiga.

Gari na wayewa na ce wa Malam zan shiga maƙwabta. A layinmu akwai wata dattijuwa, tsohuwar malamar asibiti da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. Na kwashe labari kaf na gaya mata ina kuka. Ta ce, "Haba 'yar nan! Mako uku kuna zaune da wannan? Ai ciwo ne sananne, na ga irinsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Taɓin ƙwaƙwalwa ne na bayan haihuwa, kuma ana warkewa." Ta yafa mayafinta ta biyo ni. A zaure ta tsayar da Malam, ta ce, "Malam, ba na hana ku addu'a, ni ma da ita na dogara. Amma da ƙafarta ce ta karye, za ka tsaya kan hayaƙi? Yau Allah ya tsare, gobe fa?" Malam ya yi jim, ya ce sai ya ji ta bakin limamin unguwa. Allah ya saka wa liman da alheri, ya ce neman magani ba ya warware tawakkali, a kai ta, shi kuma zai ci gaba da yi mata addu'a.

Sai kuma maganar kuɗi ta taso, don akuya da zakara da masu magani sun riga sun cinye abin da ke hannun Malam. A makon nan ne kwasar adashina ta zo, kuɗin da na yi niyyar sayen keken ɗinki. Na ɗauko na ajiye a gabansa. Hajiya ta dube ni, ta dubi kuɗin, ba ta ce uffan ba.

A asibiti likita ya zaunar da mu ya yi ta tambaya: yaushe ta haihu, yaushe ta daina barci, ta yi zazzaɓi, ta yi jijjiga, akwai mai irin wannan a danginsu? Aka auna jininta, aka duba ko wata cutar jiki ce ta hau mata kai, sannan aka ba ta gado. Gwaggo ta ce ita ba za ta kwana cikin mahaukata ba, don haka ni na yi jinya, ina shimfiɗa tabarma a gefen gadonta da yaro a bayana. Abin da na gani a ɗakin nan ya ba ni mamaki. Na zaci zan tarar da masu tsumma da duwatsu, sai na tarar da mata irina da irinki, wata malamar makaranta, wata 'yar kasuwa, wata ɗaliba. Kwana uku da fara magani amarya ta yi barci, barcin da rabonta da shi kusan wata guda. Ranar kwana 10 ta farka ta dube ni da idonta na da, ta ce, "Yaya, ina yarona?" Na kwanto shi na ba ta, muka yi ta kuka mu biyu.

Kada ku ce daga nan shi ke nan. Bayan an sallame mu da wata biyu, aka fara zuga ta cewa maganin yana sa ta ƙiba da yawan barci, kuma ai ta warke, me za ta yi da ƙwayar mahaukata? Ta daina sha a ɓoye. Ba a yi wata guda ba rashin barci ya dawo, muka sake komawa. Likita ya ce da mun gaya masa damuwarta da ya rage mata ko ya canza wani, amma yanke magani farat ɗaya ba da saninsa ba, shi ke dawo da hannun agogo baya. Daga nan ni na riƙe katinta da ranar komawa, har ranar da shi da kansa ya ce ta daina.

Tun daga lokacin na zama mai kasa kunne da tambaya a kan wannan ciwo, kuma ga abin da na fahimta. Tsakanin mace da magani akwai katanga ba ɗaya ba. Ta farko ita ce suna. Mu kalma ɗaya muka sani, hauka, kuma duk gidan da aka liƙa wa ita, sai a ce kada a nemi aure a can. Shi ya sa uwa ta gwammace ta kulle 'yarta a ɗaki da a gan su a layin likitan ƙwaƙwalwa. Alhali ciwon iri-iri ne. Irin na amaryarmu ba shi da yawa, mace 1 ko 2 cikin 1,000 da suka haihu yake kamawa, galibi cikin mako biyun farko, kuma na gaggawa ne. Wanda ya fi yawa shiru yake zuwa, wato ciwon damuwa: mai jego ta yi ta kuka ba dalili, abinci ya fita ranta, ta ji ba ta son ɗaukar ɗanta, ta ga kamar ba ta da amfani a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, akasari irin wannan damuwar. Ku ƙirga matan layinku ku gani. Mu kuwa me muke ce mata? Sangarta, ko rashin godiyar Allah, ko "ki yi haƙuri, kowa da haka ta saba."

Katanga ta biyu zargi. Da zarar an ce sammu ne, hankali ya bar kan marar lafiya ya koma neman wanda ya yi, ita tana can ciwo na cin ta, gida kuma ya kama da wuta. Gidaje nawa suka watse, zumunci nawa ya yanke a kan ciwon da ƙwaya da kulawa za su iya kwantarwa? Ta uku kuwa izini. Mace ba ta kai kanta asibiti, sai maigida ya yarda, shi kuma sau da yawa sai mahaifiyarsa ta yarda. In ba a samu mai faɗa a ji irin Mama da liman ba, sai a yi ta zama.

Ta huɗu nisa da kuɗi. Da can babban asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Tudun Wada yake, da ƙafa muke zuwa, amma tun 2005 ya koma Shika, can gaba da Samaru. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana Barnawa a Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80 daga nan. Na Kano yana Dawanau, na Sakkwato yana Kware. Mu da ke gari ke nan muna lissafin kuɗin mota, ina ga matar da ke ƙauyen Giwa ko Soba? Ga shi magani ba na kwana uku ba ne, na watanni ne. Likitocin su ma ba su da yawa. A 'yan shekarun nan ƙungiyarsu ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma wasu na ta ficewa ƙasashen waje.

To in asibiti ya yi nisa, ina mutane za su nufa? Shekara guda bayan abin da ya same mu, a watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa, jiki duk tabon bulala. A watan Oktoba aka buɗe wani a Daura. Da na ji a rediyo sai na tuna shawarar ɗan uwan Malam, na ce Allah na gode maka. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba duka ne mugaye ba, da yawa rasa yadda za su yi ne suka yi. Ita kanta hukuma ta daɗe ba ta waiwayi abin ba, don dokar da Turawan mulki suka kafa a 1916, aka yi mata kwaskwarima a 1958, ita aka yi ta amfani da ita, dokar da ta fi damuwa da tsare mutum a kan warkar da shi. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwa, wadda ta ce mai wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa. Amma doka a takarda take, sai an kawo ta cikin gidaje.

Kada kuma wata ta ce wannan ilmin Nasara ne. Wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya yi bayanin baƙin ciki da tsoro da waswasi da hanyoyin magance su. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. A nan ƙasarmu, a 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marar lafiya ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan uwansa mai jinya, yana zuwa asibiti da rana, kuma likitan bai kori masu maganin gargajiya ba, ya jawo su jiki. Shi ma Farfesa Oye Gureje ya gwada a Ibadan da Kumasi ta Ghana, aka haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci suna aiki tare, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna marasa lafiya sun fi samun sauƙi. A Zimbabuwe kuwa, tun wajen 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari mai damuwa, su taya ta warware matsalarta ɗaya bayan ɗaya. Da na ji wannan sai na ce, ikon Allah, mu da muke da gwaggo da inna da ungozoma a kowane gida, ai abin da ya rage mana sanin ne kawai.

Saboda haka 'yar uwa, in kin je barka, kada ki tsaya kan yaro da kayan suna. Ki dubi uwar. Ɗan kuka da sauyin rai na kwanakin farko yakan wuce da kansa kafin mako biyu. In ya zarce haka, a je a ga ma'aikatan lafiya, ko na asibitin sha-ka-tafi ne, su san inda za su tura ku. In kuwa ta kwana biyu ba barci ko da yaro na barci, ko tana jin muryoyi, ko tana maganar cutar da kanta ko jaririn, to ranar nan za a tafi, ba gobe ba, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaro ko na minti ɗaya. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta, kada a yi gardama da ita. A yi addu'a a hanya. Wadda kuma ta taɓa yi, in ta sake samun ciki ta faɗa tun a wurin awo, don yakan dawo, amma in an shirya masa yakan zo da sauƙi ko ma a tare shi.

Haka muka yi da amarya ta sake haihuwa a 2021. Likita ya san da zancen tun cikin na wata huɗu, ni kuma na karɓi renon dare don ta samu barci, Allah ya sa aka yi arba'in lafiya lau. Yanzu tana sana'ar ɗinki, da keken da muka haɗa kuɗi muka saya. Yaron nan na bakin rijiya yana firamare, a ɗakina yake kwana, in aka tambaye shi ɗan wa ne sai ya nuna ni. Hajiya kafin ta rasu ta kira ni ta nemi gafarata, na ce ban riƙe ta ba. Amma har gobe akwai masu cewa ai ni na ɗaura, da na ga asiri zai tonu na kwance. Na bar su da Allah, bakin mutane ba ya ɗinkuwa. Abin da ya dame ni shi ne mako ukun nan da na yi shiru, don da rijiya ta ci su, da shiruna yana cikin abin da za a tambaye ni.

Nan zan dasa aya. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba mu zuciyar tausayin juna. Amin summa amin.